Ruwan Shuka Ne Ko Na Kwantar Da Ƙura? Nazari Kan Alamun Damina Tsakanin Kano Da Damagaram

Daga Kano zuwa Kazaure da Daura, a tsallaka iyaka zuwa Magarya da Matamaye har Damagaram, akwai safiya guda a kowace shekara da ta fi sauran nauyi a wurin manomi. Ita ce safiyar da ta biyo bayan ruwan farko mai ƙarfi. An kwana ana shaƙar ƙamshin ƙasa, gari ya waye an gaisa da "ya ruwa?" an amsa da "ruwa ya yi gyara", sannan tambayar da ke cin ran kowane maigida ta taso: ruwan nan na shuka ne, ko na kwantar da ƙura? In ya fitar da iri ya shuka, sama kuma ta ɗauke kwana 15 ko 20, tsiro zai ƙone, irin da ya killace tun kaka ya tafi a banza. In ya dakata, ruwa kuma ya zarce, maƙwabta sun riga shi da mako biyu, ciyawa ta riga geronsa tashi, ƙarshen damina kuwa ba ya jiran wanda ya makara.

Wannan shawara guda ɗaya ce nake son mu tsaya a kanta, domin a nan ne ake gane ƙimar abin da magabata suka bari na karanta iska da tsuntsu da itace da tauraro, a nan ne kuma ake ganin inda iliminsu ya tsaya.

Damina a wannan yanki gajeriya ce. Ruwan shekara a Kano yakan kai wajen milimita 800, kana nausawa arewa yana raguwa, a Maraɗi wajen 500, a Damagaram wajen 400, inda daminar kirki ba ta cika wuce wata 3 ba. Gero kuwa yana son kwana 80 zuwa 100 kafin ya nuna. Ƙasar yawanci jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Kwana kaɗan rana ta busar da samanta, zafin rairayi da tsakar rana a watan Yuni yakan haura digiri 50, ga iskar da ke gaban hadari tana kwaso rairayi tana dukan ɗan tsiron ko ta binne shi. Wanda ke noma a irin wannan wuri dole ya zama mai lura.

Iska ta juya

Alamar farko a jikin mutum take. Tun daga Nuwamba iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, busasshiya mai ƙura, mai fasa leɓe da dunduniya. Ko da bazara ta shigo zafi ya tsananta, iskar tana nan a bushe: zufa na fitowa tana bushewa, ruwan randa na yin sanyi ƙarara. Sai wata rana a ga hayaƙin murhu ya karkata wani gefen. Iska ta dawo daga kudu maso yamma. Dare ya yi nauyi, mutum ya kwana a tsakar gida yana jiƙe da gumi, gishiri ya fara danshi a kwano, randa ta daina sanyaya ruwa yadda ta saba. Dattawa su ce iska ta juya.

Abin da suka ji a fatarsu shi ne ainihin abin da masana yanayi ke aunawa da na'ura. Akwai layin da busasshiyar iskar Sahara ke karo da iska mai laima da ke tasowa daga tekun Atilantika. Layin yana hawa arewa sannu a hankali tun farkon shekara, ya kai ƙarshen hawansa cikin Sahara a watan Agusta, sannan ya koma kudu. Masana na gane inda yake ta hanyar abu biyu, inda iska ta fuskanta da yawan laimar da ke cikinta, wato hayaƙin murhu da ruwan randa ke nan. Kuma sun bayyana abin da manomi ya daɗe da sani, cewa juyawar iska ba ita ce zuwan ruwa ba. A kusa da layin, iska mai laimar ba ta da kauri, busasshiyar na kwance a samanta tana hana gajimare girma. Sai layin ya wuce ka da ɗaruruwan kilomita kafin hadari ya samu abin da zai ci ya ƙoshi. A 2003 wasu masana biyu 'yan Faransa, Sultan da Janicot, sun nuna cewa a matsakaicin lissafi layin na kaiwa daidai Tawa da Tanut wajen 14 ga Mayu, amma sai wajen 24 ga Yuni babban ruwan ke yin tsalle daga gaɓar teku zuwa arewa. Tsakanin ranakun nan biyu akwai kwana 40 na ruwa jefi-jefi, kuma a cikinsu ne mafi yawan asarar iri ke faruwa.

Shamuwa

Cikin duk alamun, babu wadda mutane suka riƙa da ƙauna kamar shamuwa. Tsuntsuwa ce baƙa mai doguwar ƙafa, ƙasan cikinta fari, ita ce ƙarama a danginta. Takan iso ƙasar Hausa a watan Afrilu ko Mayu, rana na tsakiyar ƙuna, babu ko ɗigon ruwa, ta sauka kan kuka ko tsamiya ko gawon da ke tsakiyar gari ta fara tara kirare. Ba ta gudun mutane. Sau da yawa bishiyar da ta yi sheƙa a bara ita take komawa. Yara ne ke fara kai labari gida, manya kuma su ce to, a gama sassabe, a kai taki gona, a gyara ƙotar sungumi, a duba rufin ɗaki. An hana yaro harbinta ko ɗaukar ƙwanta, gidan da ta zaɓi bishiyarsa kuma yana ganin alheri ne ya sauka.

Me shamuwa ta sani da mu ba mu sani ba? Amsar tana cikin tafiyarta. Idan damina ta ƙare a nan, wajen Satumba zuwa Oktoba, takan tashi ta tsallaka layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin ne tasu daminar ke kamawa. A farkon shekarun 2000 masu bincike daga Denmark sun ɗaura wa wasu shamuwoyi na'urar bin sawu a Nijar, tauraron ɗan'adam ya bi su har Tanzaniya. Abincinta fara ce da tsutsa da sauran ƙwarin da ke ɓarkewa bayan ruwa, don haka duk rayuwarta bin damina take. Idan ta dawo, daga inda ruwa ya riga ya sauka ta fito, tana tafe a gabansa. Tana kuma da nata lissafin: kwancin ƙwai wajen wata guda, renon 'ya'ya kusan wata biyu, don haka sai ta riga ruwa isowa kafin 'ya'yanta su tashi daidai lokacin da fara ta cika daji. An yi nazari a kudu maso gabashin Nijar an ga irin yawan farar da take cinyewa a gonakin gero. Ashe hana kashe ta da magabata suka yi ba tsoron banza ba ne, ma'aikaciyar gona ce da ba a biya.

To amma a lura da abin da zuwanta ke nufi. Tana cewa lokaci ya yi kusa. Ba ta cewa ranar Talata za a yi ruwa, ba ta cewa ruwan da za a yi zai ɗore. Manomin da ya san abin da yake yi bai taɓa shuka don ya ga shamuwa ba. Shiri yake yi.

Itatuwa

Kuka da tsamiya kan fara tofo tun ƙasa na bushe, faru da ɗanya su nuna a bakin damina. Gawo kuwa akasin kowa yake yi. Duk rani yana kore shar, dabbobi na hutawa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, da damina ta kawo kai sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, shi ya sa ake cewa ya ƙi ruwan Allah. Saiwarsa na nutsewa can ƙasa ta samo ruwa, ganyen da ya zubar ya zama taki, ba ya kuma tare wa gero rana. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na dā sun sa hukunci mai tsanani kan wanda ya sare gawo, kuma har yau Magarya da Matamaye da Mirya na cikin wuraren da ya fi yawa. Manomin can in ya ga gawo ya fara kaɗe, ya san an shiga lokaci.

Akwai masu wuce nan, su ce yawan 'ya'yan wata bishiya ko tsananin sanyin hunturu na nuna yawan ruwan da za a samu bana. Masu bincike da suka zauna da manoman Mosi a ƙauyen Bonam na Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1990 sun tarar da irin wannan karatu sosai, manoman da kansu kuma suka ce alamun ba sa cika musu kamar dā. A ganina nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Bishiyar da ta yi 'ya'ya da yawa labarin ruwan bara take bayarwa, wanda ya shiga ƙasa ta sha. Ba a kuma raba alamar da ke faɗin lokaci da wadda ake ɗora wa faɗin yawan ruwa, sai a haɗa su a yaba ko a haɗa su a kushe, alhali ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Kaza da 'ya'yanta

Watan Musulunci ba ya tsayawa wuri ɗaya a cikin yanayi. Shekarar Hijira kwana 354 ce, tana gaza ta rana da wajen kwana 11, shi ya sa azumi ke zagaya damina da hunturu da bazara cikin shekara 33. Ibada ta dace da wannan lissafi, noma bai dace da shi ba. Manomi na bukatar abin da ke dawowa rana ɗaya kowace shekara, ya kuma same shi a sama. Gungun taurarin nan da muke kira kaza da 'ya'yanta, Larabawa na ce musu Surayya, sukan ɓace a yamma bayan magariba wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. Su yi kamar kwana 40 ba a ganinsu, sannan su ɓullo a gabas kafin asuba a cikin watan Yuni. Duba yadda wannan ya zo kusan daidai da kwanakin nan na ruwa jefi-jefi da masana suka auna. Ruwan da ya sauka kaza na ɓoye, dattijo kan yi masa kallon tuhuma. Wanda ya zo bayan ta fito, hankali ya fi kwanciya da shi.

Malaman hisabi sun faɗaɗa abin. Sun raba shekara zuwa taurari 28, kowanne kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, jimla 365. Sunayen Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Sarfa sanannu ne a bakin tsofaffin manoma, kuma da irin waɗannan sunaye manoman Sudan ke ƙirga daminarsu har gobe. Maigida kan je zauren malam ya ce, "Allah gafarta Malam, wane tauraro muke ciki?" Amsar da zai samu kalanda ce, wadda ta fi ta bango dacewa da gona.

Dole a tsaya nan a faɗi abin da addini ya ce, don mutanenmu ba sa wasa da shi, kuma suna da gaskiya. Hadisin Zaidu bin Khalid al-Juhani, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallar asuba da sahabbai a Hudaibiyya bayan an kwana ana ruwa, ya sanar da su cewa wanda ya ce an shayar da mu da falalar Allah da rahamarSa shi ne mai imani, wanda kuwa ya jingina ruwan ga tauraro kaza ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Imam Shafi'i ya fayyace cewa wanda ke nufin ruwa ya sauka a lokacin tauraro kaza, kamar yadda ake cewa a wata kaza, bai shiga wannan hukunci ba. Alƙur'ani da kansa ya ambaci iska a matsayin mai bushara gabanin rahama. Saboda haka lura da alama daban, duba daban. Abin da arnan Masalata kusa da Birnin Ƙonni ke yi na buga arwa don faɗin yadda shekara za ta kasance wani fage ne dabam, kuma haɗa shi da manomin da ke kallon gawo ya cutar da ilimin nan ƙwarai. Yara da yawa da suka yi karatu, na boko ko na addini, sun watsar da shi duka suna zaton camfi ne.

Sauran alamun na kusa ne, na yau ko gobe. Tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu, kwaɗi sun ɓarke da kuka, tsattsewa na shawagi ƙasa-ƙasa, gabas ta yi baƙi da la'asar. Kallon gabas ɗin ma yana da tushe, don manyan hadaran da ke kawo mafi yawan ruwan Sahel daga gabas suke tasowa su nausa yamma, da iska mai ƙura a gabansu. Wani lokaci iskar ce kaɗai ke isowa, ta yaye rufi ta wuce ba ɗigo, abin da ya sa ake kiran abin da ba shi da tasiri holoƙo hadarin kaka.

Inda alamun suka tsaya

Mu koma safiyar. Shamuwa na kan ƙwai, gawo ya kaɗe, iska ta juya tun makonni, jiya da dare an yi ruwa. Saurayi ya ce, "Baba, mu fita da iri?" Uban ya ce, "Bari mu je mu tona tukuna." A gona zai sa hannu ya tona, ya ga iya inda danshi ya kai. In ɗan yatsa ne kawai, ruwan ƙura ne. In ya kai taƙi, ya dunƙula ƙasar ta riƙe, to an samu na shuka. Wannan awo ne na gaske, kuma ya fi ma'aunin ruwan da ke filin jirgin sama mai nisan kilomita 60 faɗa masa gaskiyar gonarsa, tunda ruwan farkon damina yakan sauka a wannan unguwa ya tsallake waccan.

Abin da tonon ba zai faɗa masa ba shi ne kwana 30 masu zuwa. A 1988 Sivakumar, masanin yanayin noma a ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, a reshenta da ke Sadore kusa da Yamai, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake amfani da ita wajen cewa damina ta kama: bayan 1 ga Mayu, a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana 3 a jere, sannan kada a samu tsayawar ruwa fiye da kwana 7 a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Rabin farko na ƙa'idar shi ne abin da Baba ke aunawa da hannu. Rabi na biyu kuwa ba a iya tabbatar da shi sai wata ya wuce. Wato masanin ma sai ya waiwaya yake iya cewa ranar kaza ce damina ta fara, shi kuwa manomi da safen nan zai yanke. Duk mai zargin manoma da jahilci don sun shuka ya ƙone, ya fara fahimtar wannan.

Shekarun fari sun nuna iyakar a fili. A 1972 da 1973, sannan a 1984, kaza ta fito a lokacinta, shamuwa ta yi hijirarta yadda ta saba, iska ta juya. Amma a 1973 Kano ta samu kusan rabin ruwan da ta saba samu ne kawai, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Kafin su an yi yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, lokacin da ilimin dattawa ke da cikakken ƙarfinsa, bai kuma hana ta ba. Binciken da aka yi daga baya ya danganta farin shekarun 1970 da 1980 da sauyin ɗumin ruwan manyan tekuna, dubban kilomita daga nan. Babu bishiya a Daura ko tsuntsu a Matamaye da zai iya ganin wannan.

Magabata sun san haka, shaida kuwa ita ce yadda suka tsara noman kansa. Ba su ɗora rayuwarsu kan alama ɗaya ba. Gero ake fara jefawa, don irinsa kaɗan ne ke cika gona kuma in ya ƙone ana iya sakewa. Gyaɗa da wake, masu tsadar iri, sai ruwa ya zauna. Ana zuba ƙwaya da yawa a rami ɗaya, daga baya a rage. Wanda gonarsa ke da faɗi ko nisa yakan yi binne, ya shuka a busasshiyar ƙasa ya bar iri ya jira ruwa, ya san kasada ce, don yayyafi na iya tayar da shi ya mutu, amma in ta yi kyau ya riga kowa. Gida ɗaya na da gona a gabas da wata a yamma, wata a jigawa wata a fadama. Maiwa da dawar gargajiya kuma suna da wata baiwa: tsawon yini ne ke sa su fitar da kai, don haka ko an shuka da wuri ko an makara, sukan yi fure kusan lokaci ɗaya, daidai ƙarshen ruwan yankinsu. Ga kuma ribar sammako, don ruwan farko na tayar da abincin shuka da ke kwance a ƙasa, wanda ya shuka da wuri shi ke cin wannan. Idan duk an yi ruwa ya ƙi, liman ya fitar da jama'a roƙon ruwa. Ni a wurina wannan tsarin ne babban ilimin, alamun reshensa ne kawai. Mutanen da suka yarda hasashensu na iya kuskure, suka shirya wa kuskuren tun kafin ya zo, ba za a kira su masu camfi ba.

Abin da ya sauya

Kasadar ta ƙara tsada. Wanda ya ci bashi ya sayi irin masara na kamfani da buhun taki ba shi da damar shuka sau uku kamar mai geron rumbu. Ingantattun irin gero masu saurin nuna, irin su SOSAT a Najeriya da HKP a Nijar, sun taimaka wa wanda ya makara, sai dai sun rage wa mutane riƙo da maiwa. Samari da yawa suna ci-rani a Legas ko Abuja ko Agadas lokacin da shamuwa ke sauka, sai an buga musu waya cewa an yi ruwa su kamo hanya, ba su ga tofon tsamiya ba balle su tambayi ma'anarsa. A garuruwan da suka faɗaɗa an sare manyan bishiyoyin tsakiyar gari an yi shaguna, tsuntsuwar da ba ta da wurin sheƙa kuwa ba za ta sauka ba.

Shi ma ruwan ya canza hali. Tun shekarun 1990 ya ɗan dawo bayan dogon fari, amma da wata siffa: wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna manyan hadarai masu tsanani a Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Ruwa mai yawa a dare ɗaya, sannan shiru. A Satumban 2024 ruwa ya rusa tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19, a watan kuma madatsar Alau ta ɓalle Maiduguri ta nutse. Irin wannan ruwan yana jiƙa ƙasa har fiye da taƙi ya sa kowa ya fita da iri, ba tare da ya yi alkawarin na biyu ba. Gwajin tono ya fi yaudara yanzu fiye da zamanin kakanninmu.

Akwai labari mai daɗi ta ɓangaren itatuwa. Tun daga 1983 manoman Maraɗi suka fara barin kututture ya sake tofo a gona maimakon ƙone shi, abin da ake kira sassaben zamani, ya bazu zuwa Damagaram, har ana ƙiyasta ya shafi hekta miliyan 5. Gawo ya dawo gonaki da yawa, kuma da shi ɗaya daga cikin alamun ta dawo.

A ɗaya gefen akwai hukumomi. Farin 1973 ne ya haifar da CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, a 1974 aka kafa cibiyarta ta nazarin yanayi da noma, AGRHYMET, a Yamai. Tun 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma ke taruwa kowace shekara kafin damina su fitar da hasashen bai-ɗaya. A Najeriya hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana fitar da hasashen shekara tun farkonta, da ranakun da ake sa ran kamawar ruwa da ɗaukewarsa da wuraren da ake tsoron tsayawarsa, har da fassarar Hausa. Su suna ganin abin da dattijo ba ya gani, wato ɗumin teku da hoton gajimare daga sama, don haka su ne ke da abin faɗa kan ko shekarar mai ruwa ce, da kuma ko mako mai zuwa zai bushe. Shi kuma yana ganin abin da ba sa gani, gonarsa. Hasashensu na yanki ne mai faɗi, da harshen "mai yiwuwa", yakan kuma tsaya a taron birni ko ya zo a rediyo sau ɗaya ya wuce. Abin da Baba ke bukata da safen nan ƙanƙane ne: wani ya faɗa masa, da Hausa, ko akwai ruwa a kwana 7 zuwa 10 masu zuwa a ƙaramar hukumarsa. Wannan ne daidai gurbin da shamuwa da kaza suka bari.

Mali ta gwada wani abu tun 1982 da ya cancanci a duba. Hukumar yanayin ƙasar ta raba wa manoma ma'aunin ruwa mai sauƙi, ta koya musu karanta shi, ta ba su jadawalin da ke cewa in ka samu ruwa kaza a kwanaki kaza na wata kaza, shuka; su kuma suna aika abin da suka auna, ana dawo musu da shawara ta rediyo duk kwana 10. Manomi ya zama mai awo, ba mai sauraro kawai ba. Da za a yi irin wannan a ƙasar Hausa, zan so a ƙara shafi ɗaya a littafin: ranar da shamuwa ta sauka, sheƙa nawa ta yi, ranar da gawon bakin kasuwa ya kaɗe, ranar da iska ta juya, ranar da aka shuka, da ko an sake. Kano na da rubutaccen awon ruwa na sama da shekara 100, alamun gargajiya kuwa a ka suke, suna tafiya da masu su. Malamin firamare ɗaya da Sarkin Noma da ɗalibai kaɗan sun isa su riƙe littafin a kowane gari, kuma bayan shekara 15 ko 20 za a iya ɗora ranakun shamuwa kusa da ranakun ruwan shuka a ga tazarar da ke tsakaninsu a Kazaure, a ga ta Magarya, a ga ko tana ƙaruwa.